Sallamar da Ban Amsa Ba a Bakin Rijiya

Ku da kuke zuwa ku zauna a rumfar nan tawa kuna cewa haƙar rijiya ai ba sana'a ba ce, rami ne kawai, duk mai ƙarfi ya iya, ban ga laifinku ba. Kun buɗe ido kun ga motar burtsatse ta zo da safe ta yi ta ruri, kafin la'asar ruwa na tsartuwa sama. Wanda ya ga haka dole ya raina tsoho da daginsa. Amma tun da kun tsokane ni, sai ku gyara zama. Zan gaya muku yadda na koyi aikin nan, da yadda ya kusa kuɓuce mini gaba ɗaya saboda sallama guda da ban amsa ba.

Na shiga hannun Baba Jatau a farkon shekarun saba'in, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba. Lokacin garin nan Abuja ake ce masa, sunan Suleja daga baya ya zo, da aka ɗauki namu aka kai wa sabon birni. Ina da ƙarfina, har na yi aure, amma gonar gidanmu ta yi mana kaɗan, mu kuwa da yawa. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Jatau ya ce, "Ga Idi nan, in yana da amfani ka mora." Baba Jatau gajere ne siriri, baƙi wuluk duk da sunansa. In an tsokane shi sai ya ce da can ja ne, ranar bakin rijiya ce ta cinye jan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa mahaifina, "Ƙarfi kam akwai. Sauran mu gani ko yana jin magana."

Aikina na farko yasar rijiyar Mista Okeke ne, wani ɗan kasuwa da ya koma garinsu lokacin rikici, ya dawo ya tarar an mai da rijiyar gidansa juji. Tsummoki, fasassun tukwane, ƙashin dabbobi, har da tsohon keke. Ya tsaya a kanta hannu a ƙugu ya ce da irin Hausarsa, "Baba, wannan rijiya ya mutu ne?" Baba ya ce, "Ba ta mutu ba, Mista, toshe mata ido aka yi." A nan na fara ganin kayan aiki. Dagi, wato dogon ƙarfen nan mai kaifi a baki. Diga mai gajeren ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a cikin rami. Ɗan shebur da kwando. Gwafa biyu da ake kafawa a baki a gicciya musu itace. Sai igiya biyu, ɗaya ta kwando, ɗaya ta mutum, wadda ake ɗaura wa mai shiga a ƙugu. Kafin kowa ya sa ƙafa, Baba ya kunna aci-balbal ya zura ta har ƙasa yana kallo. In ta mutu a hanya, ranar ba mai shiga ko da wa ya zo roƙo, don iskar da ta kashe fitila za ta kashe mutum. Da muka kai ga ido ruwa ya fara tsattsafowa, Mista Okeke bai jira ya kwanta ba, ya ɗebi jan ruwan nan da laka da komai ya kurɓa. Matarsa ta dafa mana doya da manja, muka ci har muka kasa tashi.

Mu huɗu ne a ƙungiyar. Tanko ne mai ɗaukar kwando ya kai ƙasa inda za a zubar, mutum mai surutu kamar an kunna rediyo. Bawa ne babban mai haƙa, Gbagyi ne daga Diko, Kirista, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. Sai ni, sai Baba. Tsarin koyo a wurin Baba shi ne ka fara da kwando, ka daɗe a kai, sannan a bar ka ka shiga rami. Riƙon igiya shi ne na ƙarshe. Ni kuwa a ganina an juya abin ne. Muna can ƙasa gumi na shiga mana ido, tsoho yana sama yana shan iska da igiya a hannu, a ce shi ne mai babban aiki? Na gaya wa Bawa haka wata rana muna cin abinci. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "Kai dai ci tuwonka. Ranar da ka gane, kai da kanka za ka zo ka faɗa mini."

A wata rijiya a Iku na gane. Ina ƙasa, rami ya yi zurfin da in ka ɗaga kai bakinsa bai fi faifai ba, sai wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta faɗo ta same ni a kafaɗa. Wallahi na ɗauka harbi na aka yi da gwafar danƙo. Da na fito na nuna wa Baba wurin ya kumbura, sai ya ce, "Wannan ita ce ta kuɓuce mini. Ka san nawa na tare?" Daga nan na fara lura da shi in Bawa ne a ƙasa. Akuya ta matso, ya kore ta da ƙafa ba tare da ya ɗaga kai ba. Yara sun taho kallo, ya ƙifta wa Tanko ido ya janye su. Kunnensa na kan ƙarar dagi, in bugun ya fara jinkiri ya san mutum ya gaji ko iska ta fara ɓaci, tun shi na ƙasan bai sani ba. Mutumin da iskar rami ta kama ba ya ihu, yara. Ba ya ma jin tsoro. Barci mai daɗi yake ji, ya jingina da bango, shi ke nan. Tsakanin dagi ya yi shiru da a ce an makara, bai fi ka juya ka ce wa wani "lafiya lau" ba.

Shi ya sa Baba yake da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Mai igiya ba ya magana da kowa a sama. Ba ya juyawa, ba ya durƙusawa, ba ya amsa gaisuwa, ko sallama ce. Bakinsa da kunnensa na mutumin da ke ƙasa ne har ya fito. Kun san garinmu, mutum ya yi maka sallama ka yi shiru ai ka zage shi ne. Baba ya san haka, ya kuma tambayi limamin unguwarsu, aka ce masa in mutum ɗaya ya amsa a cikin jama'a ya wadatar. Saboda haka amsa gaisuwa ta zama aikin Tanko, shi kuwa dama abin da yake so ke nan. Sai ka ji yana amsa wa mutum huɗu shi kaɗai, har da tambayar iyali.

Akwai wasu halayensa da sai da na girma na san darajarsu. Ba ya haƙa sabuwar rijiya da damina ko da kaka, komai nacin mai gida. Yakan ce ruwan da ka samu a lokacin ba naka ba ne, na sama ne ya tsaya hutawa, bazara na zuwa zai tafi. Wani mai shago ya taɓa yi masa fushi a kan haka ya ɗauko wasu, suka haƙa masa da kaka, ruwa ya fito kusa, ya yi ta yi mana dariya. Watan zafi na kamawa matarsa ta dawo ɗiban ruwa a maƙwabta, a rijiyar da mu muka haƙa. Shekarar farin nan da aka yi, rijiyoyi da yawa sun ƙafe a garin nan, amma nasa sun riƙe ko da guga rabi-rabi ne. Igiya kuwa shi yake tufka ta da hannunsa da rama, kullum da safe ya bi ta taƙi-taƙi yana murzawa. In bai yarda da ita ba, ko mu muna ganin sabuwa ce, sai ya sa wuƙa ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya raba wa mata su ɗaure awaki. Na tambaye shi me ya sa ba zai ajiye ta don kwando ba. Ya ce, "In na ajiye ta da tsawonta, wata rana muna sauri wani zai ɗaura ta a ƙugu."

Na yi rani da yawa a rami kafin ya miƙa mini igiya. Ko da ya miƙa, rani guda ya yi yana tsaye a gefena bai ce komai ba, sai dai in na yi kuskure ya taka mini ƙafa. Sannan ya fara barina ni kaɗai, ya je ya dawo.

To, sai ga shekarar da aka ce za a gina babban birnin ƙasa a nan kusa da mu. Gari ya cika da baƙi, Yarbawa, Ibo, mutanen Binuwai, 'yan kwangila, kowa na neman ɗakin haya. Duk mai fili ya hau gini, kowane gida kuwa yana son rijiya. Akwai wani attajiri da ake kira Alhaji Mai Kwano, don shi ke sayar da kwanon rufi, yana gina jerin gidaje a hanyar Iku. Ya kira Baba ya ba shi rijiyoyin gidajen gaba ɗaya, aikin da zai ci ranin nan har ya taɓa na gaba. Tanko har ya fara maganar sayen keke.

Rijiyar farko ta ba mu wuya. Mun wuce jar ƙasa, mun wuce marmara, sai muka ci karo da fa, dutse shimfiɗe bango zuwa bango. Kun san ƙasar nan tamu da duwatsu. Maganinsa wuta ne. A jibga itace a kansa a kunna, ya yi zafi sosai, a kwara ruwa, sai ya tsattsage a bi da dagi. Amma wuta tana cinye iskar rami, hayaƙi kuma yana kwanciya a ƙasa. Sai an bar shi ya huce, a ɗaura ganye mai yawa a igiya a yi ta zurawa ana jawowa don iska ta motsa, sannan a gwada da fitila. Mun yi duk wannan, fitila ta kai ƙasa da ranta, amma harshenta ya ɗan rage. Baba ya ce Bawa ya shiga, kada ya daɗe. Dagi ɗaya ya dakushe a dutsen, Baba ya saɓa shi ya nufi maƙera. Da zai tafi ya ce mini, "Kunnenka a kansa, Idi. Yau ba na son iskar nan." Tanko kuma magina sun ce ya riƙa kai musu fasasshen dutsen can ƙarshen fili inda suke cika tushen gini, tafiya mai ɗan nisa. Na rage ni kaɗai a baki.

Ina tsaye na ji mota ta tsaya a bayana, ƙofofi sun buɗe, takalma sun nufo ni. Alhaji ne ya kawo wasu baƙi manya yana nuna musu gininsa.

"Salamu alaikum."

Na ji shi sarai. Na kuma gane muryar. Mutum ne sa'an mahaifina, ya san gidanmu, tare suke sallar Juma'a. Saura kaɗan in juya in durƙusa in gaishe shi. A daidai lokacin Bawa ya yi tari a ƙasa, bugun dagi ya tsaya, ya ci gaba.

"Salamu alaikum, samari. Sannu da aiki."

Ban juya ba. Na ce a raina, Tanko, ina ka shiga? Direban Alhaji ya matso ya ce, "Kai! Kurma ne kai? Alhaji na yi maka magana!" Ɗaya daga cikin baƙin ya faɗi wani abu da Turanci, suka kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, ga rami kuwa a gabana amma da mutum a ciki. Na ji Alhaji ya tambaya a hankali, "Ɗan wane ne wannan?" Direba ya faɗa masa sunan mahaifina. Alhaji ya ce, "To, madalla." Kafin Tanko ya hango su ya yar da kwando ya rugo, mota ta tashi.

Bawa ya fito lafiya ƙalau, yana neman ruwan sha. Ku riƙe wannan da kyau: babu abin da ya faru. Bai suma ba, dutse bai faɗa ba, ba ni da wata hujja da zan nuna wa kowa. Haka aikin nan yake. In ka yi shi daidai ba abin da za a gani, sai dai kowa ya koma gida ya ci tuwo.

Kafin la'asar saƙo ya iso wa Baba. Ko dai ya kori marar kunyan yaron nan, ko ya kwashe kayansa daga filin. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifina yana zaune a zaure bai ɗago ya dube ni ba, ya ce, "A gaban baƙi, Idi? Abin da na koya maka ke nan?" Na yi bayani, bai saurara ba. Ku gane, garin nan a lokacin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Wanda maigidansa ya kora saboda ya wulaƙanta dattijo, ba mai sake ba shi aiki, ba ma mai son a gan shi da shi. Ga matata da ciki. Ba ni da wata sana'a sai wannan. Na tsorata ƙwarai, kuma na riga na sallama, don ban ga yadda za a yi mutum ya bar aikin shekara saboda ni ba.

Washegari da safe Baba ya aiko in zo. Na same shi cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Ya ce in biyo shi gidan Alhaji, amma in tsaya daga waje bakin zaure, kada in shiga, kada in ce uffan. Zauren cike yake da masu zuwa gaisuwa. Baba ya tuɓe takalmi ya shiga, sai na ga ya durƙusa har ƙasa. Ya girmi Alhaji nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Alhaji, na kawo maka amsar sallamarka ta jiya. Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. A wurina take, ba a wurin yaron ba. Ni na ɗaure masa baki."

Alhaji ya ji nauyi, ya ce, "Haba Baba, tashi, tashi don Allah. Ba da kai nake ba."

"Da ni kake, Alhaji. Ni na ce in yana riƙe da ran mutum kada ya juya ko wa ya zo. Abin da na sa shi ya yi. In akwai rashin kunya tawa ce, ka yi haƙuri."

Ba zan yi wa Alhaji ƙarya ba, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba mugun mutum ba ne. An yi masa dariya a gaban mutanen da yake so su girmama shi, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Na ji. To ga sauƙi. Ka sallame shi ko na wata guda ne, mutane su ga an hukunta shi. In ƙura ta lafa ka mai da shi, ni ba ruwana."

Ina waje na ce a raina, Baba karɓi wannan. Wallahi da ni aka tambaya da na karɓa da gudu.

Baba ya ce, "In na kore shi ko na yini ɗaya ne, duk wanda na ba igiya gobe ya koyi cewa dokar tana aiki ne in babban mutum bai zo ba. Daga ranar kuwa ba ni da fuskar da zan ce wa ɗan wani ya shiga rami. Ka ga Bawan da ke ƙasa jiya? 'Ya'yansa suna Diko suna jiran sa."

"To ka zaɓa, Baba."

"Na zaɓa tun daga gida, Alhaji. Gaisuwar ce na ga bai kamata ta kwana biyu a hannuna ba."

Muka je filin kwashe kaya. Ni da Tanko muna ta sauri mu bar wurin, Baba ya ce ba inda za mu sai mun rufe bakin ramin. Muka jera itatuwa, muka ɗora ƙaya don yara da dabbobi. Da Baba ya ji an ɗauko wasu masu haƙa daga wani gari, da ƙafarsa ya je ya same su ya gaya musu an sa wuta a ramin nan, su kula da iska, dutsen kuma ya fi taushi ta gabas. Tanko ya ce, "Baba, su ƙwace mana aiki kuma ka koya musu?" Ya ce, "Aikin suka karɓa. In sun mutu a ciki ramin wa za a ce?"

Wannan ita ce muguwar shekararmu, shekarar da kowa ya samu mu muka rasa. Magana ta zaga cewa yaran Jatau ba su da ladabi, shi ma tsohon ya yi wa Alhaji taurin kai. Masu gini abokan juna ne, a wurinsa suke sayen kwano, ba mai son ɓata masa. Muna ji ana buga dagi ko'ina a gari, mu muna zaune. Muka koma ciro gugan da ya faɗa rijiya da ƙugiya, muka koma haƙa salga, abin da Baba bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya yi kuma bai ɓata fuska ba. Ɗan abin da aka samu a raba daidai, nasa bai fi na kowa ba. Tanko ne ya fara barin mu, ya koma lebura a wurin 'yan kwangila. Bawa ya daure har tsakiyar rani, sannan ya zo ya durƙusa ya ce yara ba abinci. Baba ya sa masa albarka, ya ɗauki dagi mafi kyau a cikin namu ya ba shi. Da Bawa zai wuce ya dafa kafaɗata ya ce, "Ni na san abin da ka yi."

Abin ya dame ni har na kasa ci. Na sami Baba a gindin mangwaron gidansa yana tufka, na ce, "Baba, ka sake ni. In na tafi za su dawo maka da aiki. Ni ne matsalar." Bai ɗago ba. Ya miƙo mini bakin igiyar ya ce, "Riƙe mini nan, ja da kyau." Na riƙe. Muka yi ta tufka har azahar, maganar ba ta sake tashi ba.

Kada ku jira in ce muku rijiyoyin Alhaji sun rufta ko sun ƙafe. An haƙa su, sun yi ruwa, ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Aikinsa bai dawo mana ba har abada. Namu ya dawo ne a hankali ta ƙauyuka, inda ba ruwansu da wanda ya gai da wa, su dai ruwa ya kai su damina. Daga baya na zama mai ƙungiyata, mutane da yawa sun koya a hannuna, Hausawa da Gbagyi da 'yan kudu, wasu yanzu su ke da motocin burtsatsen da kuke yabo. Ban taɓa zuwa ƙofar wata uwa in ce mata ɗanta ya shiga bai fito ba. Ba wayona ba ne. Na ga mutumin da ya kafa doka, dokar ta zo ta ci shi, ya tsaya ta ci shi bai tura ta kan na ƙasa da shi ba. Duk abin da na riƙe a aikin nan daga nan na samo shi, kuma kullum na yi salla sai na sa shi a addu'a.

Aikin da ya fara fitar da mu daga shekarar nan a Sabon Wuse ne, ƙarshen bazara, zafi kamar a gasa mutum. Rijiyar da matan kasuwa ke ɗiba ta ja baya, suna so a ƙara mata zurfi. Mu biyu muka je, ni da Baba, mutanen wurin suka ba mu wani magidanci ya riƙa ɗaukar kwando yana amsa gaisuwa. Muka kafa gwafa, fitila ta sauka ta dawo da ranta. Na tuɓe riga na kai hannu zan ɗauki igiyar ƙugu, sai na ga Baba ya riga ni. Ya cire rigarsa ya ninke, haƙarƙarinsa duk a waje, yana ɗaura igiya a ƙugunsa.

Na ce, "Baba, me ke nan? Ni zan shiga."

Ya ce, "Na daɗe ban ga ƙasan rijiya ba, ina marmari."

"Baba, shekarunka fa. Bari in shiga ka riƙe mini kamar kullum."

Ya ƙarasa ƙullinsa, ya ja ya ji ya kama, ya ɗauki ɗaya bakin ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. Ya ce, "Tun da maigidana ya rasu ban ba kowa igiyar ƙuguna ya riƙe ba. Ba don ba na son shiga ba. Duk wanda na duba sai in ce, wannan in an kira shi zai juya. Kai an kira ka."

Ya juya baya ya fara sauka, yana laluben matakan bango da yatsun ƙafa. Igiya na bi ta hannuna a hankali. Mata sun taru da tulunansu suna ta sannu da aiki, magidancin nan yana amsawa, ni ko ganinsu ba na yi. Furfurar kansa ta yi ta ƙanƙancewa har duhu ya haɗiye ta. Igiya ta yi sako-sako, ya taka ƙasa. Na kasa kunne in ji dagi, ban ji ba. Shiru. Na nannaɗe igiya a hannu zan ja.

Sai muryarsa ta taso daga can ƙasa, rami ya ƙara mata girma.

"Salamu alaikum, mai igiya!"

Na sunkuya a bakin ramin na amsa masa da duk ƙarfina, har matan suka firgita.

"Wa alaikumus salamu, Baba!"

Na ji dariyarsa tana hawowa.

"Ashe kana da baki. To sako kwando."